Kuɗin Gyaran Bodi da Fentin Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙarfi: Inda Mutane ke Tafka Kuskure

Daga 1964, shekarar da Pontiac ta fito da GTO, zuwa wajen 1973 da rikicin man fetur da tsadar inshora da dokokin hayaƙi suka taru suka karya kasuwar, kamfanonin birnin Detroit na Amurka sun ƙera wasu motoci masu matsakaicin jiki da ƙaton injin V8 mai silinda takwas. Dodge Charger, Chevelle SS, Plymouth Road Runner, da ƙannensu irin su Mustang da Camaro da Challenger. Yau autarsu ma ta haura shekara 50 a duniya. Duk wanda ya sayi ɗaya da niyyar tayar da ita, injin yake fara yi wa lissafi, domin shi ne abin da ke ruri. Alhali kuɗin injin yana da iyaka: kayansa sanannu ne, farashinsu a rubuce yake, bakanike zai iya gaya maka abin da za ka kashe kafin ya kwance noti ɗaya. Bodi kuwa sai an tuɓe shi ake sanin halinsa, kuma a nan ne aljihun mutane da yawa ke zurarewa har a bar mota a gareji ta shekara biyar a lulluɓe.

Lissafin fenti a matsayin kuɗin gwangwani

Kuskuren farko shi ne mutum ya ji "fenti" ya ɗauka maganar ruwan da ake fesawa ake yi. Fesawar kanta aikin kwana ɗaya ne ko biyu. Abin da ake biya shi ne awoyin da suka gabace ta: yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, walda, bugun lotsawa, daidaita ƙofofi, shafa fila, gogewa da samfefa, sake shafawa, sake gogewa. A Amurka garejin da ya ƙware a wannan aiki da awa yake caji, kuma dala 100 a awa ɗaya ba abin mamaki ba ne. Wasu ƙasa da haka, na manyan birane sama. To yi lissafi da kanka. A ce motarka ta ci awa 400, wanda ga tsohuwar mota mai ɗan tsatsa ba wani abu ba ne, dala 40,000 ke nan kafin a sayi firaima ko gwangwani ɗaya. Kayan fentin kansu, daga firaima zuwa launi zuwa mai ƙyallin da ake rufewa da shi, suna cin dubban daloli, jan launi kuma ya fi tsada saboda sinadarin da ke cikinsa.

Akwai garejojin da ke tallan fesa mota a kan 'yan ɗaruruwan daloli, kuma ba ƙarya suke yi ba. Za su ɗan goge, su liƙe gilashi da takarda, su fesa. Ga motar zuwa aiki, ya wadatar. Ga Chevelle ta 1970 kuwa, ka sayi aikin da za ka biya wani ya kankare ne nan gaba. Idan ka karɓi farashi daga wurare biyu ka ga tazara mai yawa, tambayi kowanne awa nawa ya ware wa gyaran ƙarfe, nawa ga gogewa. Amsar za ta nuna maka cewa ba aiki ɗaya suke magana a kai ba.

Cinikin biri a sama

Mafi tsadar kuskure ana yin sa ne tun ranar saye. Mutum ya ga hoto a dandalin gwanjo, mota tana sheƙi, farashi da sauƙi, ya tura kuɗi. Mu da muka saba sayen motocin Amurka ta hoto mun san wannan ciwon, sai dai a motar da ta shekara 55 ya ninka.

Fara da tambayar inda motar ta yi rayuwarta. A jihohin arewa irin su Michigan, Ohio da Pennsylvania ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake daga ƙasa. Motar da ta zauna a Arizona ko kudancin California rana za ta ƙone fentinta, ta farfasa robobi da kujeru, kamar dai yadda take yi wa motoci a Sakkwato ko Agadas, amma ƙarfen yana nan garau. Ni a ganina motar da rana ta ƙone ta fi wadda aka yi wa sabon fenti kwanan nan kwanciyar hankali, domin ba ta ɓoye komai.

Kowace mota kuma tana da inda take ruɓewa. Mustang ta 1965 zuwa 1968 tana da wani akwati a gindin gilashin gaba inda iska ke shiga. A kamfani aka rufe shi da walda, cikinsa babu kariyar kirki, ganye da ruwa su taru su huda shi, ruwan ya riƙa sauka kan ƙasan motar. Mutane sukan canja ƙasan su bar tushen matsalar, bayan damina biyu a koma gidan jiya. Gwajin ba wuya: zuba ruwa a ragar da ke gaban gilashi, ka leƙa ƙarƙashin dashbod. In ya ɗiga, ka san sai an cire gilashi da madigadi an huda ɗigon walda masu yawan gaske kafin a kai ga wurin. Charger ta 1968 zuwa 1970 kuma gilashinta na baya a lotse yake tsakanin ginshiƙai biyu, ruwa na kwanciya a kusurwoyinsa ya gangara cikin but. Duk motar da aka yi wa rufin leda a kanta, ka zargi abin da ke ƙarƙashin ledar.

Sannan ka san irin ginin motar. Chevelle da GTO bodinsu a kan shasi yake zaune, ana iya ɗage shi a gyara kowanne daban. Mustang, Charger da Challenger kuwa bodi da shasi abu ɗaya ne, saboda haka tsatsar da ta kama ƙasansu ta kama ƙashin bayan motar ne, kuma gyaranta sai an ɗaure motar a kan teburin awo don kada ta karkace. Ka tafi da maganaɗisu da tocila, ko na'urar auna kaurin fenti in kana da ita. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce jibge. In ba za ka iya zuwa ba, biya wani masani ya je ya kwanta ƙarƙashinta. Ƙarin dala 10,000 a kan mota mai lafiyayyen ƙarfe ya fi sauƙi a kan awa 200 na walda.

Neman jinga kafin a tuɓe mota

Mun saba da jinga: a yi ciniki, a tsayar da magana, a ba da kafin alƙalami. A wannan aiki jinga tana cutar ɗaya daga cikinku. Mai gaskiya ba zai iya yanke farashin abin da bai gani ba. In ka matsa masa, ko dai ya cika kuɗi don ya kare kansa, ko ya karɓa da araha, in allura ta tono garma ya rufe ramin da fila ya fesa. Gara a raba aikin kashi-kashi. A fara biyan kuɗin kwancewa da kankarewa har ƙarfe ya fito tsirara, a sa firaimar ifoksi nan take domin tsiraran ƙarfe cikin awoyi yake fara ja. Daga nan ku zagaya motar tare da alli a hannu, a yi wa kowane rami alama, a rubuta awoyinsa. Ko bayan haka ajiye wani abu a gefe, domin akwai tsatsar da sai an yanke fatar waje take bayyana.

Kankarewar ma tana da nata tarkon. Feshin yashi mai ƙarfi a kan faffadan wuri kamar banet ko rufi yana lanƙwasa ƙarfe, ka biya kuɗin kankara sannan ka biya na miƙarwa. Feshin soda ba ya lanƙwasawa, amma ba ya cin tsatsa mai zurfi, kuma in ba a wanke shi sosai ba firaima ba ta kamawa. Tsoma bodi cikin sinadari yana kaiwa kowane lungu, sai dai ruwan kan maƙale a haɗin ƙarfe ya tsatso bayan an yi fenti. Tambayi wanda zai yi fentin wace hanya ya yarda da ita, tunda shi zai ɗauki alhakin abin da ya ɗora a kai.

Fila da sababbin ƙarafuna

Fila ba abin kunya ba ce. Kusan duk motar da ka gani a baje koli tana da ita, shafe siriri don a daidaita fata. Matsala tana farawa idan aka mai da ita madadin ƙarfe. Ta haura kaurin milimita 6 ta fara neman tsagewa, in kuma an toshe rami da ita, danshi zai shigo ta baya ya kumbura fentin. Rami ƙarfe yake so, a yanke a sa sabo a yi walda baki da baki.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar cewa sabon ƙarfe daga kwali zai zauna daram. Kamfanoni irin su AMD da Dynacorn suna buga kusan kowane ɓangare na shahararrun motocin nan, Dynacorn har bodi sukutum take sayarwa na Mustang ta 1967 da Camaro ta 1969. Alheri ne babba, amma kowane ɓangare sai an datsa, an buga, an gwada. Kuɗin ɗora shi yakan ninka kuɗin sayensa. Saboda haka inda asalin ƙarfen zai gyaru da ɗan faci, a bar shi. Ya riga ya san motar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a fesa mota kafin a gwada kayanta. A gama fenti, a zo ɗaura bamba ko ƙarfen adon gilashi ya ƙi zama, sai an huda ko an lanƙwasa a kan sabon fenti. Kafin launi ya taɓa motar, a ɗaura komai: ƙofofi da sababbin robobinsu, banet, but, fitilu, bamba, kayan ado. A daidaita tazara, sannan a sake kwancewa. A kuma bar firaima ta huta makonni kafin gogewar ƙarshe, domin tana tsukewa, in aka yi gaggawa sawun samfefa zai fito ta cikin fenti bayan wata shida.

Rashin tsayar da shawara

Motar hawa kake so ko ta gasa? Faɗa tun farko. Tazarar da ke tsakanin fenti mai kyau da wanda alƙalan gasa za su haska da fitila ɗaruruwan awoyi ce ta gogewa, kuma wanda ya kashe wannan kuɗi tsoron fita da motar yake yi. Baƙin launi ya fi kowanne tona asiri, fari ya fi rufawa.

Canja launi ma ba ƙaramin abu ba ne, domin sai an bi cikin ƙofofi da but, a motocin Dodge da Plymouth har da ɗakin injin, tunda nasu launin bodi ne. Kafin ka zaɓa, karanta ɗan farantin da kamfani ya liƙa mai ɗauke da lambar asalin launin motar. A motocin Chrysler, wato Dodge da Plymouth, yana cikin ɗakin injin, a na General Motors, irin su Chevelle da Camaro da GTO, yana gindin gilashin gaba, a na Ford, irin su Mustang, yana jikin ƙofar direba. FC7 a Challenger ta 1970 na nufin shunayyar nan Plum Crazy, 72 a Camaro ta 1969 na nufin ruwan lemon nan Hugger Orange. Mai irin wannan lamba da ya fesa wani launi ya biya kuɗi ya rage wa motarsa daraja. Cire farantin ka adana kafin a fara kankara, ka ɗauki hotonsa a inda yake.

Sabon fenti kuma yana tona tsufan duk abin da ke kusa da shi. Bambar da ka ga kamar za ta yi, sai ta zama abin kunya. Sake yi wa ƙarfe ruwan kurom yana da tsada a Amurka saboda tsauraran dokokin muhalli, ga robobi, gilashi, tambari, fitilu, ga awoyin mayar da komai mazauninsa ba tare da an karce ba. Sa su cikin lissafi tun ranar farko.

Mota ta kwana a gareji

Garejin da abincinsa gyaran motocin haɗari ne, kamfanin inshora ke biyansa da sauri. Tsohuwar motarka za a tura ta lungu a ce "in an samu sarari", sararin kuma ba ya zuwa. Amurkawa har kurkuku suke kiran wannan hali. Nemi wanda wannan aikin ne sana'arsa, ka ga motar da ya fesa shekara uku baya, domin ta jiya kowa tasa tana sheƙi. Kada ka zube kuɗi da yawa a gaba. A riƙa ba ka takardar awoyi da hotuna duk mako biyu ko duk wata, kana biya, kana leƙawa.

In kana son rage kuɗi, ɗauki aikin da ba ya buƙatar gwaninta: kwance kaya, sa kowane noti a leda da suna, kankare baƙin kwaltar ƙarƙashi. Fesawa kuwa a bar wa mai ɗakin feshi. Fentin zamani mai haɗi biyu yana da sinadarin da ke lalata huhu, takunkumin ƙura ba ya tare shi. A kula da tsohon haɗin rufi da gefen baya ma, dalma kamfani ya narka a wurin, ƙurarta guba ce.

Akwai kuma motar da bai kamata a fesa ba sam. In fentin kamfani yana nan, ko da ya dusashe, dakata ka nemi wanda ya san darajarta kafin samfefa ta taɓa ta. Mustang koriya ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an sayar da ita a gwanjon Mecum a Kissimmee ta jihar Florida a watan Janairun 2020 kan dala miliyan 3.74, da dusasshen fentinta da tabon tsatsa da lotsawarta. Tarihinta ne ya kai ta can, amma ko motar da ba ta taɓa shiga fim ba, masu tara irin waɗannan motoci sukan biya ƙari idan fentin da aka fesa mata a kamfani yana jikinta. Irin wannan a wanke ta, a goge a hankali da man gogewa mai laushi, a tsayar da tsatsar da ke ƙarƙashi, a gyara burki da injin, a hau.