Yadda Ake Kula da Haƙora Tun Daga Goyo Har Tsufa

Yawancinmu ba ma tunawa da likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, an kwana ba a runtsa ba. A lokacin kuwa aikin gama ya gama, sau da yawa sai dai a cire. Haƙori yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana ruɓewa shiru kafin ya fara zugi. Don haka matakan da zan kawo a nan na lokacin da baki yake lafiya ne.

Mu fara da sanin abin da ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce, ko da mai magani ya nuna maka ita a kan auduga a kasuwa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa gindin haƙori. Ka kankara da farce da safe za ka gan shi. Duk sanda sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori. Yawu ne ke wanke wannan tsami ya gyara ɓarnar, amma idan mutum ya yi barci yawu yana ja baya ƙwarai. Shi ya sa gogewar dare ta fi ta safe amfani, ita ce kuma muka fi yin sakaci da ita.

Mataki na farko: jariri, tun bai fitar ba

Ke uwa, bayan shayarwa ki naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, ki jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ki share dasashinsa a hankali. Wajen wata 6 haƙorin farko zai leƙo, galibi a ƙasa ta gaba. Daga ranar ki samo ƙaramin buroshi mai laushi, ki ɗan shafa man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, gwargwadon ƙwayar shinkafa, safe da dare. Kada ki bar shi ya yi barci da fida a baki, musamman idan shayi ne ko madara mai sukari a ciki. Haka haƙoran sama na gaba suke yin baƙi su guntule tun yaro bai shiga makaranta ba.

Akwai maganar da ta ci yara da yawa: "ai haƙori ne yake fitarwa." Fitar haƙori tana sa dalala, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawa mai tsanani. Idan jiki ya yi rau ko yana ta zawo, asibiti za a kai shi, domin a daidai wannan lokacin ne yake rarrafe yana jefa komai a baki, maleriya ma tana samunsa. Magungunan haƙori na kwalba kuwa ki yi nesa da su. Tsakanin 2008 da 2009 wani irinsu da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Najeriya. Tsumma mai sanyi da tsabta ya ɗan ciza ya wadatar.

Mataki na biyu: daga yaye zuwa firamare

Kafin yaro ya cika shekara 3 haƙoransa na nono 20 sun gama fitowa. Kada a ce "ai za su faɗi." Su ne suke riƙe wa na dindindin gurbi, idan an rasa su da wuri sai na bayan su fito a karkace. Daga shekara 3 a ƙara man ya kai ƙaramar ƙwayar wake. Babba ne zai riƙa goge masa, ko ya tsaya a kansa, har wajen shekara 7, don hannun yaro ba ya kaiwa lungu. Ki tsaya a bayansa, kansa ya jingina da jikinki, ki ɗaga leɓensa ki goge inda haƙori ya haɗu da dasashi.

Wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono ne, alhali na dindindin ne, babu mai maye gurbinsa. Ki leƙa da tocila lokaci-lokaci, in kin ga baƙin ɗigo a tsakiyarsa a je a cike tun ramin bai yi zurfi ba. Alawa, biskit da lemon kwalba kuma, yawan maimaitawa ne babbar illarsu. Gara ya sha zaƙinsa sau ɗaya bayan abinci da ya wuni yana tsotsa.

A nan dole in ja kunne kan cutar noma. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman bayan ƙyanda ko maleriya. Da kumburin dasashi take farawa, sai jini, wari mai ƙarfi, dalala da kumburin kunci, cikin 'yan kwanaki ta huda fuska. A farkonta maganin asibiti yana tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka daɗe ana sakaci da su. Wanda ya ga waɗannan alamu kada ya bari a kwana.

Mataki na uku: gogewar kanta, ga matashi da babba

Babba yana da haƙori 32 idan na can ƙarshe sun fito. Ka zaɓi buroshi mai laushi. Mai tauri ba ya ƙara tsabta, dasashi kawai yake ci har saiwa ta bayyana, ruwan sanyi ya gagare ka sha. Ka karkata bakinsa zuwa gindin haƙori, ka riƙa ɗan juyawa a hankali: waje, ciki, saman turame, sannan harshe. Minti 2 cur. Idan ka gama ka tofar da kumfar, amma kada ka kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya zauna ya yi aikinsa. Da dare wannan shi ne abu na ƙarshe, ba shayi a bayansa. Buroshi kuma a canza shi duk wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje.

Asuwaki sunna ne, kuma yana cire datti sosai idan an iya shi. A tauna bakinsa ya yi laushi, a riƙa yanke wanda ya tsufa, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya har ta ciki. Masu yawo da shi a baki suna dirzar na gaba kawai, turame na can suna ruɓewa. Ni a ganina a riƙe asuwaki lokutan salla, a ƙara da buroshi da mai safe da dare. Tsakanin haƙora kuma zaren sakace ya fi tsinke, balle allura ko tsinken tsintsiya. Gawayi da toka suna sa haske na ɗan lokaci, amma ɓawon suke kankarewa, shi kuwa ba ya tofowa. Mai haƙorin Makka ya kula da gefensa, nan abinci yake maƙalewa.

Jini a buroshi alama ce ta ciwon dasashi. Kada a daina goge wurin; a ci gaba a hankali, idan mako 2 ya wuce bai daina ba a je a wanke. Wankin asibiti ba ya sassauta haƙori kamar yadda ake faɗa. Dattin da ya daskare ake cirewa, shi ne ke cin ƙashin da ke riƙe haƙorin. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar wannan. Mai juna biyu ma dasashinta yakan kumbura. Ta ga likita ba fargaba, ta dai gaya masa tana da ciki. Bayan amai ta kurkure da ruwa, ta dakata kamar rabin awa kafin ta goge.

Idan zugi ya taso da dare, kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi, sha farasitamol, kanumfari ma yana ɗan lafar da shi. Kada a danna asfirin a dasashi, kada a ɗiga fetur ko ruwan batir. Ko ciwon ya lafa ramin yana nan. In kuwa babur ya kayar da mutum haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a kama shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye a mayar gurbinsa, ko a saka shi cikin madara a garzaya asibiti cikin awa guda.

Mataki na ƙarshe: iyaye da kakanni

Tsufa kaɗai ba ya zubar da haƙori, ciwon dasashi da aka bari ne. Wasu magungunan hawan jini suna busar da baki, sai ruɓa ta kama gindin haƙora; a riƙa kurɓar ruwa, a rage sukari a shayi da koko. Haƙorin roba a cire shi da dare, a wanke, a ajiye cikin ruwa. Idan hannun Baba ko Inna ya fara rawa, wani a gidan ya karɓi aikin gogewar. Gyambon baki, ko wani fari ko jan tabo da ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai shi likita ya duba ko da ba ya ciwo, musamman ga mai shan sigari ko mai cusa taba gari a leɓe, domin da haka ciwon dajin baki yake farawa.