Kafin ka jona tsohon majigin gidanku da wuta

Majigin da nake magana a kai Baba ne ya zo da shi daga Ingila a 1978, da ya je kwas, tare da ƙaramar kyamarar Super 8, mai ɗaukar hoto a siririn zaren fim. Ƙirar Japan ne. Ya fi shekara talatin a ƙarƙashin gado a gidanmu na Tudun Wada, sai da aka zo rabon gado aka jawo shi, da kwali ɗaya mai faifan fim 23. Da yake gyaran rediyo da fanka ne sana'ata, 'yan uwa suka ce in ɗauka.

A daren na yi ɓarnar da har yau take cina. Ban buɗe cikinsa ba, ban share komai ba, na zura faifai na kunna. Hoto ya fito a bango: mahaifiyarmu tana tankaɗe a tsakar gida, tana kare fuska da hannu don kunyar kyamara. Sai injin ya yi gurnani ya tsaya, ƙwan kuma yana ci. Ina kallo wani ɗigo ruwan ƙasa ya ɓullo a kafaɗarta, ya yi kumfa, ya buɗe ya cinye fuskar, bango ya koma fari fat. Duka bai kai daƙiƙa uku ba. Majigi in ya lalace ana samun wani, amma wannan zaren fim ɗin shi kaɗai ne a duniya. Saboda haka duk gyaran injin da zan faɗa a ƙasa, a yi shi babu fim a jiki.

Fara da karanta farantin da ke bayansa. Wutarmu 230V ce. Waɗanda aka sayo a Turai, irin su Eumig na Ostiriya, galibi sun dace da ita, wasu ma suna da maɓallin zaɓen ƙarfin wuta, sai ka tabbata yana kan 220 ko 240. Na Amurka kuwa, irin su Bell & Howell, da yawansu 110 zuwa 120 suke sha, sai da taransifoma mai rage wuta. Ka kuma sa sitabilaiza, musamman in da janareta za ka yi aiki, don hawa da saukar wuta ke kashe ƙwai.

Daga nan cire murfin baya. Ka ajiye notina a murfin kwalba, ka ɗauki hoton ciki da waya kafin ka taɓa komai. A nawa na tarar da gidan zanzaro guda biyu, da ƙwan kyankyaso, da waya ɗaya da ɓera ya gwaguye. Abin da ya tsayar min da fim kuwa bel ne. Robar da ta shekara arba'in ko dai ta bushe ta tsattsage, ko ta narke ta zama kamar kwalta ta manne a kan gargare. Auduga da sifirit ke fitar da ita, kuma sai an yi haƙuri. Ni yini guda na yi, yatsuna baƙi ƙirin. Wajen neman sabo, zagaya zare a kan gargaren biyu ka auna, ka nemi wanda ya ɗan gaza awon kaɗan don ya kama. Na samu nawa a kasuwar Sabon Gari, wurin wani dattijo mai gyaran tsofaffin rediyon kaset da bidiyo. Ya juye min gwangwani cike da bel a kan tebur ya ce, "Malam, zaɓi da kanka, yau shekara nawa rabon da a tambaye ni wannan." Kada ka sa robar ɗaure kuɗi. Tana miƙewa in ta ji zafi, hoto ya riƙa rawa.

Sai maganar giris. Tsohon giris yana daskarewa kamar sabulu, shi ne ke sa inji gurnani. Kankare shi da tsinken sakace, ka goge da sifirit, ka shafa sabo ɗan kaɗan a kan haƙoran giya. Inda ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa. Na ga mutane suna fesa man kwance tsatsa ko'ina kamar suna wanke injin babur. Wannan kashe majigi ne: man zai bi bel ya sa shi santsi, ya kai ga fim, ƙura kuma ta sami wurin zama. Yawancinsu suna da wani maɗauri da ake murzawa da hannu don a juya injin ba wuta. Murza shi a hankali, kana saurare. In ka ji ya cije, nemo dalilin, kada ka tilasta. In kuma ka jona wuta injin ya yi ƙugi bai tashi ba sai an tura shi, a zargi kafasita, daidai da yadda fankar sama ke yi. A canza da mai lamba iri ɗaya.

Wurin da ya fi cancantar lokacinka shi ne hanyar da fim ke bi, musamman 'yar tagar da yake tsayawa a gaban haske. Nan akwai faranti biyu da suke matse shi, da wata 'yar ƙugiya da ke leƙowa ta kama hudar gefen fim ta ja shi ƙasa, hoto ɗaya bayan ɗaya, sau 18 a daƙiƙa in fim ɗin marar sauti ne, sau 24 in mai sauti ne. Dattin da ke taruwa a gefen farantan nan yakan taurare, kuma ƙwaya ɗaya tak ta isa ta ja layi a fim tun daga farkonsa har ƙarshe, layin da ba ya gogewa. Mu kuma a Zariya ƙurar hunturu ba ta barin kowa. Buɗe tagar, hure ta, share da burushi mai laushi, sannan ka bi gefunan da auduga mai ɗan sifirit. Abin da ya ƙi fita, tsinken itace za ka sa masa. Kada allura ko sukudireba su kusanci wurin, domin ƙarzane ɗaya a farantin zai riƙa yankar duk fim ɗin da ya wuce. Kuma a kiyayi ƙugiyar nan, in ta lanƙwashe gyaranta sai gwani. Ni kafin kowane faifai nake share tagar, ko da minti biyar da suka wuce na share.

Gilashin gaba zare shi ake yi. A hure ƙurar tukuna, sannan a goge da ƙyallen tabarau. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo a cikinsa, fumfuna ce ta laimar damina.

Ƙwai yana da lambarsa a jiki. Nawa EFP ne, 12V 100W, kuma rayuwarsa wajen awa 50 ce kawai, don haka duk inda na gani ina sayen biyu. Kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na sa shi saurin mutuwa. Kada ka sa wanda ya fi shi ƙarfi don neman haske, taransifoman ciki zai ƙone. Akwai ƙwayayen shago masu kama da shi, amma haskensu bazuwa yake yi, ba ya taruwa a tagar. In an gama kallo a kashe ƙwan, a bar fankar ciki ta ɗan yi aiki, kuma kada a ɗaga majigin sai ya huce.

Yanzu fim ɗin kansa. Iri biyu ne masu faɗin milimita 8. Na farkon Kodak ta fito da shi a 1932, hudojinsa manya ne. Super 8 ya zo a 1965 da ƙananan hudoji da hoto mafi girma. In ka zura wani a majigin wani, haƙora za su yayyage gefen. Wasu injinan suna cin duka biyu, amma sai an juya maɓalli. Kafin ka haska kowane faifai, warware shi a hankali tsakanin yatsu ta gefe-gefe, kana neman yagewa da tsohon haɗi da ya saki. Haɗi yana da tef nasa na musamman. Salatif na ofis gamsa na tsattsafowa ya ɓata zaren. Ka kuma sansana. In ka ji tsami kamar ruwan kal, fim ɗin ya fara ruɓewa, kuma ba a dawo da shi. Ware shi daga sauran nan take, shi ne kuma na farkon da za ka kwafe. Zafi da laima ke kawo wannan, shi ya sa na ɗebe nawa daga ɗakin kwano na mayar da su tsohon ɗakin ƙasa na Kaka, a kan kanta, nesa da bango saboda gara.

Gwajin farko da faifan da ba ka damu da shi ba za ka yi. Bar ɗan sassauci a zaren sama da ƙasan tagar. In sassaucin ya ɓace za ka ji ƙara kaf-kaf-kaf, hoto ya yi ta tsalle. Hannunka ya zauna a kan makunni. Da ka ji sauti ya sauya, kashe ƙwai kafin ka tsaya tunani.

Kwafewa ba ta da wuya: haska ƙaramin hoto a kan farar takarda, kafa waya kusa da majigin, a rufe tagogi. In hoton na ƙyafta ido a wayar, kuma injinka na da maɗaurin gudu, murza shi kaɗan-kaɗan har ya lafa.

Ƙaramin faifai mai ƙafa 50 minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi. A cikin irinsu na sami Hawan Sallah da Baba ya ɗauka a Ƙofar Fada, marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris yana matashi a ƙarƙashin laima, bai daɗe da hawa karaga ba, tunda a 1975 aka naɗa shi. Jan alkyabba da koren rawunan dogarai suna nan raɗau kamar jiya. Na ɗaura farin zanin gado a tsakar gida bayan sallar isha'i, na kira Gwaggo, ƙanwar Baba. Da kyamarar ta juyo kan 'yan kallo sai ta miƙe tsaye, ta nuna wani siririn saurayi mai hula zanna.

"Ɗana, tsayar min da shi nan. Yaya Babba ne."

"Gwaggo, ba a tsayar da shi, ƙonewa yake yi. Sai dai in mayar da shi farko."

Sau huɗu na mayar a daren, ina share tagar tsakanin kowanne, ita kuma tana zaune a bakin tabarma tana jira.