Yadda za ka ci moriyar lokacin da aka sake ku a yawon buɗe ido na Italiya

Duk wanda ya biya kuɗin yawon Italiya irin na rukuni, wanda kamfani ke haɗa muku otal da bas da ɗan jagora, zai ga an rubuta a jadawali cewa rana kaza da yamma kowa zai yi harkar gabansa. Wannan ɗan lokacin shi ne mafi daraja a tafiyar, kuma shi ne mutanenmu suka fi ɓarnatarwa. Na sha ganin yadda ake yi. Jagora zai ce a haɗu ƙarfe bakwai, a watse. Wasu su koma ɗaki su yi barci har magariba, wasu su tsaya cirko-cirko a bakin titi ana shawarar inda za a je har awa guda ta wuce, wasu kuma su ruga gidan tarihin da suka daɗe suna son gani su tarar da ƙofa a rufe. Duk wannan tun daga gida ake magance shi.

Mataki na farko shi ne biza, domin idan ka yi kuskure a nan babu gyara. In kana son ƙara kwanaki kafin rukuni ya fara ko bayan an tashi, to ka yanke shawara kafin ka cike takardar neman bizar Shengen, wato bizar shiga Italiya da wasu ƙasashen Turai. Sau da yawa kwanakin da ka nema su ake buga maka, ba ƙari. Takardar otal, tikitin jirgi da inshorar lafiya, wadda dole ta kai ta Yuro 30,000, duk su rufe kwanakin da ka ƙara. Ni dai ƙa'idata ita ce kwana ɗaya a gaba, biyu a baya. Na gaban domin jirgi na iya makara, ga gajiyar hanya, na bayan kuma saboda a lokacin ka riga ka gane gari, ka san abin da aka wuce da kai da gudu. Ka tambayi kamfanin nawa zai caje ka ƙarin kwana a otal ɗin rukuni, sannan ka duba farashin ɗakin da kanka a intanet, don wani lokaci bambancin ya isa kuɗin abincin kwana biyu. Ka kuma sani idan ka iso a ranar da ba ta rukuni ba, galibi motar da ke ɗauko mutane daga filin jirgi ba taka ba ce. Daga Fiumicino, babban filin jirgin saman Rum, akwai jirgin ƙasa Leonardo Express da ke kai mutum tashar Termini a tsakiyar Rum cikin minti 32.

Mataki na biyu, kuma a nan nake son ka tsaya sosai: ka ɗauki jadawalin da kalanda ka zauna. A gefen kowace rana ka rubuta sunanta, Litinin ce ko Lahadi. Jadawalin kamfani "rana ta uku", "rana ta biyar" kawai yake cewa, alhali Italiya da ranakun mako take aiki. Gidan tarihi na Uffizi a Fulorens ba ya buɗewa ranar Litinin. Haka Accademia, inda gunkin David na Michelangelo yake. Haka Galleria Borghese a Rum. Gidajen tarihin Vatikan kuwa ranar Lahadi suke rufewa, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, kuma ranar layin kan zagaye katanga tun da sassafe. Lahadin farkon wata gidajen tarihin gwamnatin Italiya ke zama kyauta, har da Koloseyum, tsohon filin wasan Rumawa da ke Rum, sai dai kyautar da za ta ci maka awa biyu a layi ba riba ba ce ga mai yammaci ɗaya. Idan tafiyarka ta faɗa 15 ga Agusta, ranar hutun Ferragosto ce, shaguna da gidajen abinci da yawa a kulle suke.

Bayan ka gama wannan, ka aika wa kamfanin tambayoyi uku, kuma ka nemi amsa a rubuce. Ƙarfe nawa ake sakin mutane? A ina ake sakin su, a tsakiyar gari ko a otal? Ina otal ɗin yake? Tambaya ta ukun ita ce ta fi cutar da mutane. Rukunoni masu araha kan kwana a Mestre maimakon cikin Venis, ko a Montecatini Terme maimakon Fulorens, ko a bayan garin Rum kusa da babban titin da ya zagaye birnin. Ba laifi ba ne, abin da ya sa farashin ya sauko ke nan. Amma idan an ce kuna da yammaci, kuma bas ya mayar da ku otal ƙarfe uku, kana buƙatar kusan awa guda ka koma gari, wata awar ka dawo. Yammacin ya koma awa biyu. Maganinsa shi ne ka gaya wa jagora tun da safe cewa kai ba za ka bi bas ba, a tsakiyar gari za ka tsaya, ka koma da kanka. Ka karɓi lambarsa, ka ɗauki katin otal mai adireshi ka sa a aljihu. Jagorori sun saba da haka, abin da ba sa so shi ne mutum ya ɓace ba sallama ana ƙirga kawuna.

Mataki na uku: kowane lokacin da aka sake ku, ka zaɓi abu ɗaya tak. Taura biyu ba ta taunuwa. Na ga masu lissafa wurare huɗu a yammaci ɗaya, su ƙare da hotunan ƙofofi da ƙafa a kumbure. Duwatsun da aka shimfiɗa a titunan Rum ba sa ragawa tafin ƙafa, kuma abin da taswira ta ce minti goma ne, a cikin cunkoso da zafin Yuli minti ashirin ne. Abu ɗayan nan, in mai tikiti ne, ka saya tun kana gida daga shafin wurin na ainihi. Shafukan 'yan kamasho su ke fara fitowa in ka bincika, kuma sukan ninka kuɗin. Borghese sai da gurbin da aka kama tun da wuri, kuma awa biyu ake ba kowa. Tikitin Koloseyum da sunan mai shi ake fitar da shi, ana duba fasfo a ƙofa, don haka ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo. Ka bar tazarar aƙalla awa ɗaya da rabi tsakanin lokacin da aka ce za a sake ku da lokacin da ke kan tikitinka. Rukuni ba ya tashi a kan lokaci, kullum akwai wanda ake jira, kuma mai gadin ƙofa ba ruwansa da uzurinka.

Kada kuma ka biya kuɗi don kawai an ce wuri ya shahara. Yawancin abin da ke cikin Uffizi da Accademia zane-zane ne da gumaka, da yawansu na addinin Kirista, wasu kuma tsirara. Mai sha'awar wannan fanni zai ga abin da ba zai manta ba, amma in ka san ba abinka ba ne, akwai abin yi da yawa. A Fulorens, ɗan taku kaɗan daga Uffizi, akwai Museo Galileo mai kayan aikin ilimin taurari, ciki har da na'urorin tagulla masu rubutun Larabci da malaman Musulmi suka ƙera, kuma ba a cika yin layi ba. Ɗan kasuwa zai fi jin daɗin kasuwar fata ta San Lorenzo, musamman in ya tuna cewa fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, Italiya na cikin manyan masu sayensu. Ka taɓa jaka, ka sansana, ka duba ɗinkin ciki, domin ba duk abin da ke rataye a rumfa ba ne aikin Italiya. Mata masu son gwal su je gadar Ponte Vecchio, inda maƙeran zinariya suke tun 1593, su ga aiki, sai dai farashin wurin na 'yan yawon buɗe ido ne. Da la'asar sakaliya kuma ka hau Piazzale Michelangelo, ba ko sisi, ka ga birnin duka a ƙasanka da kogin Arno ya ratsa shi.

Mataki na huɗu shi ne salla da abinci, waɗanda jadawalin kamfani bai san da su ba. A lokacin zafi agogon Italiya na gaba da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Azahar na shiga bayan ƙarfe ɗaya, magariba kuma a watan Yuni sai wajen tara saura. Wannan ya ba ka doguwar yamma mai haske, ka yi amfani da ita. In Juma'a ta same ka a Rum, ka yi ƙoƙari ka je babban masallacin birnin da aka buɗe a 1995, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai. Daga Piazzale Flaminio ake hawa ƙaramin jirgin ƙasa a sauka a Campi Sportivi, sai ɗan taku. Ginshiƙansa na ciki kamar itatuwa masu rassa suke, sun cancanci a je a gani ko ba Juma'a ba.

Abinci kuwa, gidajen abinci na gaske daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi suke ba da na rana, sannan su rufe kicin sai wajen bakwai da rabi. Wanda ka ga a buɗe ƙarfe biyar, da mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa da hotunan abinci, ka wuce shi. Ka haddace sunayen nan, duk alade ne: prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, da strutto wanda kitsensa ne da ake sa wa wasu burodi. Taliyar carbonara da amatriciana da guanciale ake yin su. Shinkafar risotto galibi ana zuba mata giya wajen dahuwa, haka wasu tiramisu. Ka ce "senza maiale" da "senza vino", za a gane. Pizza margherita, taliyar cacio e pepe da gasasshen kifi ba su taɓa ba ni matsala ba. Naman halal yana nan a unguwar Esquilino kusa da Termini, kuma a kasuwar da ke wurin za ka ga doya da kuɓewa da manja. Idan ka ga "coperto" a takardar kuɗi ba cuta ba ce, kuɗin zama ne a kan kowane mutum. Kofi ka sha shi a tsaye a kanta, zama a kujera a bakin babban dandali na iya ninka kuɗin sau uku. Ruwa kuma kada ka saya a Rum, ka riƙe gora ka cika a famfunan ƙarfe da ke kan tituna, waɗanda suke kira nasoni, mai sanyi ne kuma ana sha.

Idan cikakkiyar rana aka ba ku, jirgin ƙasa mai gudu na Frecciarossa ko Italo na kai mutum Fulorens daga Rum cikin awa ɗaya da rabi, Napoli cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma sayen tikiti makonni kafin ranar ya fi araha nesa ba kusa ba. Tikitin takarda na ƙaramin jirgi, irin na Fulorens zuwa Pisa, sai ka buga shi a na'urar da ke bakin dandamali kafin ka hau, in ba haka ba tara ce, haka ma a bas. Ka tambayi ma'aikacin otal ko akwai yajin aiki, suna yawan faɗawa Juma'a. Kada ka taɓa dawowa da jirgin ƙarshe.

A Venis, jirgin ruwan haya Yuro 9.50 ne hawa ɗaya, don haka in za ka je tsibirin Murano wajen masu hura gilashi da tsibirin Burano mai gidaje kala-kala, katin yini ya fi. Gondola, kwalekwalen yawo na Venis, Yuro 90 ne na rabin awa da rana, ku haɗa kuɗi ku biyar, ko ka tsallaka babbar mashigar ruwan birnin da traghetto, kwalekwalen fito, a Yuro 2.

Ka riƙe jakarka a gaba saboda 'yan sane a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas mai lamba 64 a Rum. Kada ka bari a ɗaura maka abin hannu a titi ko da an kira ka ɗan'uwa, kuma kada ka sayi jakar jabu da aka shimfiɗa a ƙasa, mai saye ma ana cin sa tara. Ba a zama a matakalar dandalin Piazza di Spagna a Rum tun 2019. Coci sai da kafaɗa da gwiwa a rufe, wannan ba matsalarmu ba ce. Lambar gaggawa 112. Ka riƙe tsabar Yuro don harajin kwana da wasu otal ke karɓa a hannu, kada ka dogara da kati ɗaya. Sayayyar da ta wuce Yuro 70 a shago ɗaya, ka nuna fasfo ka nemi takardar maido da haraji, sannan ranar tafiya ka isa filin jirgi da wuri, don sai an tantance takardar kafin ka miƙa akwatin da kayan ke ciki.