Yadda ake sauya tsarin ƙasa a wasan Minecraft

Tun daga sigar 1.18 da ta fito a 2021, duniyar Minecraft ta ƙara zurfi da tsawo, daga mataki na -64 zuwa 320, kuma wannan fili ne ya bai wa masu ƙera mod, wato ƙarin manhajar da ke sauya wasan, damar gina manyan duwatsu da kwazazzabai. Da farko a tabbatar cewa Java Edition, nau'in wasan na kwamfuta, ake amfani da shi, sannan a girka Fabric ko NeoForge, manhajojin da ke loda mod cikin wasan, a zaɓi wanda ya dace da sigar wasan, domin ƙaramin saɓani a lamba kan hana wasan buɗewa. Daga nan a sauko da mod daga shafin intanet na Modrinth ko CurseForge, a ajiye fayil ɗin cikin jakar mods.

Daga cikin mod ɗin da ke sauya tsarin ƙasa, Tectonic yana ɗaga tsaunuka ya kuma ratsa da koguna ta ƙarƙashin ƙasa, Terralith kuwa yana ƙara sababbin yankuna da tubalan wasan na asali kawai, abin da ya sa na fi son sa. Biomes O' Plenty, wanda shi ma ke ƙara yankuna, ba ya aiki sai an girka wani mod mai suna TerraBlender.

Lallai ne a buɗe sabuwar duniya, domin wuraren da aka riga aka taka ba za su canza ba, kuma iyakar tsohuwar ƙasa da sabuwa takan fito a yanke, babu kyan gani.