Yadda Ake Haɗa 'Yar Tsanar Elmo da Safa Kafin Ranar Bikinsa

Ranar 3 ga Fabrairu ce ranar haihuwar Elmo, jar 'yar tsanar nan ta shirin yara na talabijin mai suna Sesame Street, kuma masoyansa kan ƙosa ta zo. Da farko, a samo jar safa mai laushi, a zura hannu, a lotsa ta tsakanin babban yatsa da sauran yatsu har baki ya fito, sannan a ɗinka baƙin ƙyalle a cikinsa. Daga nan sai a dunƙule fararen ƙyallaye biyu, a ɗiga musu baƙi, a kafa su a saman kai, hanci mai ruwan lemo a ƙarƙashinsu. Ɗinki ya fi gam aminci, domin ƙaramin yaro na iya ɓalle ido ya haɗiye. A ƙarshe, a bar yaron ya gwada siririyar muryar Elmo mai yawan dariya da kansa.