Kurakuran da iyaye ke yi wajen rubuta sunan jariri

Ranar suna kowa ya san aikinsa, a Birnin Kebbi ne ko a Jega ko a Argungu. Liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mahauci ya kwantar da rago, wanzami ya zo da askarsa, mata su cika gida da yamma. Abu ɗaya ne ba a ɗora wa kowa ba, wato yadda za a rubuta sunan. An shafa fatiha an watse, rubutun kuwa sai ya faɗa hannun duk wanda ya fara riƙe biro, kuma galibi ba uban yaro ba ne, ba uwarsa ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ma'aikaciyar asibiti ta rubuta Aishat a katin rigakafi, malamar firamare ta sa Aishatu a rajista, yaron shagon intanet ya buga Ayisha ranar cike fom. A da babu wanda abin ya dama, domin mutum ne ke duba takarda, ya ga ai duk ɗaya ne ya sa hannu. Yanzu kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa ba ta san kara ba. Tun 2014 bankuna suke aiki da BVN, lambar tantance mai asusu, tun 2021 kuma hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, sunan da ke jikin lambar shi take ɗaukowa. Fasfo ma haka, ballantana mai niyyar aikin hajji. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da mutum a layi.

Gyaran ba shi da wuya. Kafin ranar suna, uba da uwa su zauna su rubuta cikakken sunan a takarda da manyan baƙaƙe, a ɗauki hotonsa a waya. Wannan takardar za a miƙa wa jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wajen karɓar takardar haihuwa, wadda doka ta ce a nema cikin kwana 60 da haihuwa. Kada a tsaya faɗa masa da baki cikin hayaniyar asibiti. In ya gama rubutawa a karanta harafi bayan harafi tun ba a bar gaban teburinsa ba.

Sai ado. Matasan da suka tashi a zamanin 2go da Facebook su ne iyaye yanzu, kuma sun taho da rubutunsu na wancan lokacin: Xainab, Xahra, Phateemah, Maryerm, Hauwerh. A katin gayyatar suna abin yana da kyau, ban musa ba. Amma yarinyar da aka rubuta wa Phateemah a takardar haihuwa za ta shekara sittin tana cewa "a'a, da P ne, sai H, sai E biyu", a makaranta, a banki, a asibiti tana fama da ciwo. Duk wanda ya ji sunan da kunne Fatima zai rubuta, kuma ba za a ce ya yi laifi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu ninka E da tunanin suna kusantar Larabci. Wani lokaci sun dace, kamar a Khadeejah, inda asalin sunan yake da ja a wurin. Wani lokaci kuwa nisa suke ƙarawa. A Fatima da A'isha, wasalin farko ne ake ja, na tsakiyar gajere ne, don haka Fateemah da Ayeesha sun ja inda ba a ja. Wanda ya yi niyyar sa wa 'yarsa sunan mahaifiyar Annabi (SAW) ya rubuta Ameenah, shi ma ya koma wani sunan daban, mai ma'anar amintacciya. Ma'ana ce mai kyau, amma ba ita ya nufa ba. Ga kuma malamin ƙauye da ya saba da karatun Hausa, in ya ga E biyu "Kadeja" zai kira, 'yan aji su kwashe da dariya, sunan ya bi yarinya har gidan miji. Shawarata a nan a taƙaice take: a ba takarda rubutun da kowa ya sani, a bar adon a waya da jikin kek.

Wanda ya nace sai baƙon rubutu, babu dokar da ta hana shi. Sai dai ya sani ya ɗauki aikin gadi. Shi zai riƙa bin kowace rajista yana dubawa har yaron ya kai munzalin da zai kare sunansa da kansa.

Na kusa da wannan shi ne tsinto suna a intanet don daɗin faɗa kawai. Boko ba ya bambanta wasu haruffan Larabci, sai suna biyu masu nisa da juna su zo da kama ɗaya. Asiya matar Fir'auna, mace ta gari, sunanta daban yake da Asiya mai harafin ain da sad, wadda ke nufin mai saɓo. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar wannan na biyun ya mai da ita Jamila. Akwai masu sha'awar Zania saboda zaƙinsa, alhali a kunnen mai jin Larabci ya yi kusa ƙwarai da kalmar da Suratun Nur ta kira mazinaciya da ita. Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani bai mai da ita suna ba. A kai wa malami tun kafin kwana bakwai su cika, ya rubuta da Larabci, ya faɗi ma'anar. Gwandu da Jega ba su rasa malamai ba, balle a ce sai an tambayi waya.

Akwai matsalar da ba laifin iyaye ba ce. Layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, ba su ɗaukar baƙaƙe masu ƙugiya, ba su ɗaukar ɗan waƙafin sama. Ɗanladi zai koma DANLADI, Baƙo ya koma BAKO, Sa'adatu ta koma SAADATU. Da ciwo, amma haka tsarin yake. Inda ake samun cikas shi ne wani ma'aikacin ya sa waƙafin, wani ya cire, wani ya bar tazara sai Sa'adatu ta rabu biyu kamar sunan mutum da na ubansa. Masu Asma'u, Rabi'u, Isma'il da Mu'azu su duba yadda ya fito a takardar NIN, su bi wannan a ko'ina. A gida kuma a koya wa yaro rubuta sunansa da ƙugiyarsa.

Mu 'yan Kebbi muna da wani ƙarin da Bakano bai cika sani ba, wato iyaka. Mutumin Kamba ya auro daga Gaya ta Nijar, matar ta tafi gida goyon ciki, ta haihu a can. Takardar da za a ba ta da rubutun Faransanci za ta zo, inda Usman yake Ousmane, Abubakar yake Aboubacar, A'ishatu take Aïchatou. Bayan arba'in ta dawo, shekaru suka tafi, aka sa yaro firamare a Kamba aka rubuta Usman. Ga takarda biyu, ga yaro ɗaya. Iyalan Dole Kaina da Illo ma, da ke da dangi a Nijar da Benin, sun san wannan. A yanke shawara tun da wuri a kan ƙasar da yaron zai yi karatu, a bi rubutunta.

Harshenmu ma yana shiga. Kaka ta kai jika makaranta, malam ya tambayi suna, ta ce "Isuhu munka sa mishi", malam ya rubuta abin da ya ji, alhali takardar haihuwa Yusuf ta ce. Isuhu suna ne cikakke, haka Mamman da Garba, in an zaɓe su tun farko. Haɗa su da na asalin a takardu daban-daban ne ke jawo wahala.

Alkunya ta fi duk waɗannan ɓoye kanta. An sa wa yaro sunan kakansa, uwa ba ta iya faɗa, sai aka koma kiransa Abba ko Khalifa. An sa wa yarinya sunan uwar miji, ta zama Ummi ko Walida. Ranar shiga makaranta uwar ce ta kai shi, kunya ta hana ta furta sunan yanka, ta faɗi na gida, shi ya shiga rajista. Yaro ya kai aji uku na babbar sakandare da Abba, takardar haihuwa tana cewa Abubakar. Ba sai an karya al'ada ba, uwa ta miƙa takarda ta yi shiru. In ana son laƙabin ya zauna, a sa shi a matsayin suna na tsakiya tun ranar rajistar haihuwa.

Jerin sunayen ma a tsayar da shi: wanne ne na yaro, wanne ne na uba, za a sa sunan gari irin su Bunza ko Yauri a ƙarshe ko ba za a sa ba. Kada a gajarta Muhammad zuwa Moh'd ko Abdullahi zuwa Abdul a kowane fom.

In an riga an yi kuskuren, a tattaro takardun yaron duka a shimfiɗa su wuri ɗaya, a ɗauki takardar haihuwa a matsayin uwa, a gyara sauran su bi ta. Rajistar firamare hedimasta na iya gyarawa a zaune. Na NIN sai an nemi gyara a hukumar NIMC mai ba da lambar an biya kuɗi, kuma in canjin babba ne ana neman takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida. Mafi wuyar taɓawa su ne takardun WAEC da NECO bayan sun fito. Saboda haka lokacin da makaranta ta kawo jerin sunayen masu zana jarrabawa a duba, uba ya je da kansa da takardar haihuwa da ta NIN a hannu, a gwada su da abin da aka buga kafin ɗalibi ya sa hannu.