Yadda na gyara gangar injin wankinmu da ta ƙi juyawa

Ranar Asabar, ana tsakiyar wanke kayan makarantar yara a gidanmu da ke Mabera, injin wanki ya kama gurnani, gangar ciki ta tsaya cak. Maigida ya ce, "Uwar yara, rashin ƙarfin wuta ne." Na ce masa, "Alhaji, bari dai in duba," domin ko da hannu na tura ba ta motsi.

Da farko na zare filogi, na rufe famfo, na buɗe matacin da ke ƙasan injin na tsiyaye ruwan a roba. Kada a tsallake wannan, ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna.

Na kwance murfin baya, na cire bel. Motar lantarkin da ke juya gangar ta juya lafiya lau da hannu, ganga kuwa shiru. A nan hankalina ya kwanta, don da motar ce ta ƙone, sai sayen wata. Wani abu ne ya maƙale tsakanin gangar da bahon da ke kewaye da ita.

Na ɗauki hoton wayoyin wutar ƙarfen ɗumama ruwa da wayar salula kafin in cire shi, na haska tocila ta raminsa. Zariyar wando ce, da fil a bakinta, ta naɗe ta cije. Da lanƙwasasshiyar waya na jawo ta a hankali, kusan minti 20.

Na mayar da komai, na ɗaure robar ƙarfen sosai don kada ruwa ya yoyo. Yanzu zariya sai na ƙulle ta kafin wanki.